Na'urar Gwaji da Tsofaffin Motoci

Garin Tambuwal yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri. Dare da rana manyan motoci suna bin hanyar nan. Waɗansu kuwa sukan ratse su shiga ƙasar Kebbe, su ɗauko gero da dawa da albasa. Da yawa cikinsu tsofaffi ne, har waɗansu sun girmi direbobinsu. To, in mota ta yi rashin lafiya, yaya ake gane ciwonta, ga shi ba ta da bakin magana?

Motocin zamani suna da wata 'yar kwamfuta wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke lura da zafin injin, da iskar da ya shaƙa, da man da ya sha. In wani abu ya lalace, sai ta rubuta lamba ta ajiye, ta kunna wata 'yar fitila a gaban direba. Akwai kuma na'urar gwaji, mai karanta lambobin nan. Akan jona ta da wata kafa mai gurbi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Misali, in ta nuna P0217, watau injin ya yi zafi fiye da kima. A Amurka an wajabta sa kafar nan a ƙananan motoci tun 1996. Ƙasashen Turai kuwa suka bi baya, a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu shan gas.

Wata rana da hunturu, wata tsohuwar Mercedes 911 ta iso garejin wani bakanike a Tambuwal, irin masu gajeren hancin nan da aka fara ƙerawa a Jamus a 1959. Daga Kebbe ta fito, cike da albasar manoma, tana tafiya da ƙyar, tana fid da baƙin hayaƙi. Direba ya ce, "Malam, a taimaka. In ban isa kasuwa gobe ba, masu kaya za su yi hasara."

Yaron bakanike ya ruga ya ɗauko na'ura, ya duba ƙarƙashin sitiyari, bai ga kafa ba. Ya ce, "Maigida, ina zan jona?"

Maigidan ya ce, "Babu inda za ka jona. Wannan ba ta da ƙwaƙwalwa, famfo ne na ƙarfe ke ba ta mai. Dubi hayaƙinta. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Fari kuwa, ko gas bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga injin."

Suka buɗe matatar iska, suka tarar ƙura ta toshe ta sarai. Aka sa sabuwa, hayaƙi ya ɗauke, direba ya kama hanya yana godiya.

Da la'asar sai ga wata babbar mota ɗauke da gero. Ita ma ta tsufa, amma tana da ƙwaƙwalwa, fitilarta kuwa tana kunne. Yaro ya yi farin ciki, ya miƙa hannu zai jona, sai maigidan ya riƙe shi. Ya ce, "Dakata, yaro. Na'urar nan ta ƙananan motoci ce, masu wuta bolt 12. Wannan kuwa batir biyu gare ta a haɗe, bolt 24. In ka jona, tana iya ƙonewa."

Ya ɗauko ta manyan motoci ya jona. Ta nuna ƙwaƙwalwa ba ta samun labari daga ma'aunin zafin ruwa. Yaro ya ce, "Ashe sai a sayo sabon ma'auni." Maigidan bai tanka ba. Ya bi wayar da yatsa a hankali, har ya iske inda ɓera ya gaigaye ta, gama motar hatsi ba ta rabuwa da ɓera. Ya haɗa wayar, ya naɗe ta, ya goge lambar, fitila ta mutu. Da an bi maganar yaro, da direba ya kashe kuɗinsa a banza, ciwo kuma yana nan.

Ku lura, na'ura tana faɗin inda za a duba ne kawai, ba ta faɗin abin da ya jawo ciwon. Saboda haka wanda ke so ya zama gwanin bakanike, lalle ya iya karatu don ya karanta lambobi, ya kuma koyi aiki da ido da kunne wurin manya.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ƙwaƙwalwar mota?
2. Don me yaro bai sami inda zai jona na'ura a motar albasa ba?
3. Me baƙin hayaƙi ke nunawa? Shuɗi fa?
4. Don me maigidan ya ƙi sayen sabon ma'auni?