Tafiya Neman Ilimi a Ƙasashen Waje: Sharuɗɗan Fita da Haƙƙin Komowa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka darajar ma'abota ilimi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da ke tasowa a gidaje da yawa kowace shekara, da zarar an bayyana sakamakon jarrabawar bakaloriya. A lokacin ne yaro zai tsaya gaban mahaifinsa yana cewa shi Masar yake so, wani ya ce Maroko ko Aljeriya, wani Turkiyya ko Sin. Uba kuwa, saboda ƙaunar ɗansa, sai ya fara lissafin gona ko garke ko jarin kasuwarsa. Iyaye da dama sun tambaye mu matsayin Musulunci a kan wannan tafiya. Amsarmu a taƙaice ita ce, tafiya neman ilimi tafarkin magabata ne na ƙwarai, amma amana ce ta al'umma, kuma ba ta cika sai matafiyin ya komo wa mutanensa da abin da ya samo.

Asalin wannan tafiya

Allah Ya ba mu labarin Annabi Musa (A.S.) a cikin Suratul Kahfi, daga aya ta 60 zuwa ta 82, yadda ya ɗauki guzuri shi da yaronsa, ya sha wahalar hanya, domin ya sadu da wani bawan Allah da aka bai wa ilimin da shi Musa bai da shi. Idan Manzon da Allah Ya yi magana da shi bai ga ƙasƙanci a cikin tafiya neman sani ba, to wane ne zai gani? Haka kuma a aya ta 122 ta Suratut Tauba, bisa ɗaya daga cikin fassarorin malaman tafsiri, an nuna cewa ba kowa da kowa zai fita ba. Wasu ne daga kowace jama'a za su fita su fahimci addini, sa'an nan su gargaɗi mutanensu idan sun komo. A lura da yadda ayar ta haɗa fita da komowa wuri guda, domin a kan wannan ne darasinmu ya ginu.

Sahabbai sun aikata haka. Jabiru ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi tafiyar wata guda zuwa ga Abdullahi ɗan Unaisu (R.A.) saboda hadisi ɗaya tak. Littattafan mazhabarmu ma ta wannan hanya suka iso mana. Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ya taso daga Andalus har Madina wurin Imamu Malik, kuma ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce wadda ake karantawa a zaurukanmu. An ruwaito cewa wata rana an shigo da giwa Madina, ɗalibai suka watse zuwa kallo, shi kuwa ya zauna, domin ya ce malaminsa ya zo gani daga ƙasarsa, ba giwa ba. Sahnunu ya tafi daga Ƙairawan zuwa Masar wurin Ibnul Ƙasim, ya komo da Mudawwana. Dukansu biyu sun koma gida sun karantar har ƙarshen rayuwarsu. Amma zancen nan da ya shahara a bakunan mutane game da neman ilimi a ƙasar Sin, malaman hadisi ba su inganta shi ba, kuma ba mu da bukatarsa tunda ga hujjoji tabbatattu.

Mutanen ƙasashenmu ba a bar su a baya ba. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa wa ɗalibansu makaranta da masauki a Alƙahira. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo Agadas ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina, ya karantar a Alƙahira, can kuma ya rasu a 1741.

Wane ilimi ake fita dominsa?

Wasu suna zaton tafiya ba ta da lada sai in Larabci ko fiƙihu aka je nema. Wannan kuskure ne. Annabi (S.A.W.) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙun da ake aikowa, ya kuwa koye shi cikin kimanin rabin wata. Imamul Gazali a littafinsa Ihya'u Ulumiddini ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato waɗanda in babu mai tsayuwa da su a gari, laifi ya hau kan kowa. Ya kuma yi kukan yadda garuruwan zamaninsa suka cika da masu jayayya a fiƙihu alhali babu likita Musulmi.

Mu dubi halinmu. Matanmu suna fama da wahalar haihuwa da ciwon yoyon fitsari, suna bukatar likitoci mata. Ƙasarmu tana da yuraniyom a Arlit, da man fetur a Agadem, da matatar mai a jihar Damagaram tun 2011, waɗanda ke neman injiniyoyi ƴan ƙasa. Manomanmu suna bukatar masana ruwa da iri da cututtukan dabbobi. Duk ɗalibin da ya fita domin ya toshe ɗaya daga cikin waɗannan ɓarakoki, da niyya mai kyau, haƙiƙa yana cikin ibada.

Misali a nan shi ne Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyya a Faransa, ya ƙaro bincike a Tarayyar Sobiyet, sa'an nan ya komo ya shugabanci hukumar binciken makamashin hasken rana a Yamai, ya kuma riƙe jami'ar ƙasa. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi tun 1992. Da ya zauna can, da ƙila ya fi samun dukiya, amma da ƙasarsa ba ta amfana da shi kamar yadda ta amfana ba.

Sharuɗɗa kafin fita

Na farko, a tabbatar abin da ake nema babu shi a gida. A da, kafin a buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, ɗan Nijar ba shi da zaɓi sai fita. Yanzu lamari ya sake. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda taron ƙasashen Musulmi na Lahor ya amince da kafa ta a 1974, ta buɗe a 1986. An kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sai na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Saboda haka sau da yawa abin da ya fi hikima shi ne yaro ya gama lisans ɗinsa na shekara 3 a gida, hankalinsa ya nuna, sa'an nan ya fita neman masta ko doktora a fannin da ba a zurfafa shi a nan ba.

Na biyu, yardar iyaye. Wanda ya bar mahaifiyarsa tana kuka ba tare da mai kula da ita ba, ya fara tafiyarsa da saɓo. Su ma iyaye su ji tsoron Allah, kada su tura yaro don gasa da maƙwabci ko don a ce ɗan wane yana Turai.

Na uku, a bi ƙofar da aka sani. Tallafin karatu na gwamnati da wanda ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa ta hanyar yarjejeniya, hukumar ANAB da ma'aikatar ilimi mai zurfi ne wurin neman bayaninsu. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, da Azhar ta Masar, da gwamnatin Turkiyya, da Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da ke Jidda, kowanne yana da tsarinsa na karɓar takardu. A yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin gurbi da biza. Mun ga gidajen da suka sayar da gona, yaro ya isa can ya tarar babu makaranta, ko kuwa akwai ta amma babu sunansa. Ƙirƙirar takardar banki ko sakamakon jarrabawa ta jabu kuwa shaidar zur ce, kuma abin da aka gina a kan ƙarya ba ya albarka.

Na huɗu, a binciki darajar takardar shaidar tun kafin a biya ko dala. A tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi ko za ta amince da diflomar wannan makaranta. A duba kuma ko tana cikin waɗanda majalisar CAMES ta yarda da su, wato hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke auna takardun jami'o'in ƙasashen da ke cikinta. Shekara biyar ta ƙuruciya ba abin wasa ba ce.

Na biyar, guzuri da lissafin abin da ka iya faruwa. Tallafi yakan makara, kuɗin haya da magani ba sa jira. A watan Fabrairu na 2022 yaƙi ya kori ɗaliban Afirka masu yawa daga Yukren, a watan Afrilu na 2023 kuma yaƙin Sudan ya watsa ɗaliban jami'o'in Hartum, wasunsu suna shekarar ƙarshe. A farkon 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai, hanyar da wasu suka dogara da ita ta ƙuntata. Don haka ɗalibi ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa ta kowace shekara yana aiko da kwafinta gida, ya sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa inda yake, kuma a ajiye masa kuɗin komowa daban.

Abin da ke kan ɗalibi a can

Kafin ya tafi, lalle ya san farillan aininsa: tauhidi, tsarki, salla da azumi. Ya sani cewa a mazhabar Malikiyya, da zarar ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari, hukuncin matafiyi ya sauka daga kansa, ba shi da ƙasaru, ba shi da rangwamen ajiye azumi. Wanda ya je ƙasashen da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba a wasu watanni, ya tambayi malaman can amintattu game da lokutan salla. Ya kula da abin da yake ci, ya nemi masallaci da abokan kirki tun makon farko, domin kaɗaici ƙofa ce da Shaiɗan ke shigowa ta cikinta. Ya mutunta dokar ƙasar da ta ba shi biza, saboda biza alkawari ce, Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari. Game da ƴaƴa mata, a tsara muharrami da masauki amintacce bisa shawarar malamai, kada a rufe musu ƙofa gaba ɗaya alhali muna kukan rashin likitoci mata.

Masu zuwa ƙasashen Larabawa muna yi musu nasiha ta musamman. Da yawa daga cikin magabatansu sun komo da ilimi mai yawa, amma suka sha wuyar samun aiki saboda rashin harshen ofis. Dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta sanya Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. To, ɗalibi ya riƙe Larabcinsa, ya ƙware a ɗaya daga harsunan aiki, ya haɗa da sana'a, ya kuma iya bayyana iliminsa da Hausa. Idan ya komo, kada ya raina malaman zaure da suka koya masa Ahalari da Risala, kada kuma ya mai da saɓanin mazhabobi makamin raba masallaci.

Haƙƙin komowa

Kuɗin da aka yi wa ɗalibi hidima da su, ko na gwamnati ne ko na mahaifi, gumin talakawa ne. Wanda ya gama ya ƙi komowa ba tare da uzuri ba, ya bar farillar kifayar da aka tura shi dominta tana nan a wuyan jama'a. Wanda larura ta tsare shi can, to ya nemi hanyar biyan wannan bashi: ya zo hutu ya duba marasa lafiya ko ya karantar, ya aiko da littattafai da kayan aiki, ya buɗe wa na bayansa hanya ta gaskiya.

Mu ma mazauna gida akwai namu nauyi. Bai dace mu ce a komo ba, sa'an nan in an komo mu bar mutum yana yawo da takardu. Muna kira ga attajiranmu da kwamitocin masallatai su kafa asusun tallafa wa ɗalibai masu hazaƙa marasa ƙarfi, su kuma buɗe wa waɗanda suka komo makarantu da ɗakunan shan magani da gonakin da za su yi aiki. Limamai kuma su tara iyaye da ɗalibai bayan fitar sakamako, a kira waɗanda suka taɓa fita su faɗi abin da suka gani.

Muna roƙon Allah Ya tsare ƴaƴanmu da ke baƙunta, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya komo mana da su lafiya da imaninsu. Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.