Zaɓen Littafi ga Yaro da Babba: Ma'aunai Huɗu daga Ilimin Harshe

Gabatarwa

Duk ɗalibin sashen nazarin harsuna da ya je gida hutu ya san wannan tambaya: "Kai da kake karanta Hausa a jami'a, wane littafi zan saya wa yaron nan?" Wani lokaci mai tambayar uba ne, wani lokaci malamin firamare ne, ko mai kula da ajin yaƙi da jahilci. Sau da yawa amsarmu ba ta wuce sunan littafin da mu kanmu muka fi ƙauna ba, wato Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Babu mai musun darajarsu, sai dai littafi mai kyau daban, littafin da ya dace da mai karatu daban.

Tambayar ta ƙara nauyi tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025. Kuɗin sayen littafi ba su da yawa a gidajenmu da makarantunmu, kuma littafin farko da ya gagari mutum kan zama na ƙarshe da zai buɗe. Wannan maƙala tana ba da shawarar cewa kafin a dubi shekarun mai karatu ko fannin littafi, a fara auna tazarar da ke tsakanin harshen littafin da harshen wanda zai karanta shi. Ana iya auna ta da ma'aunai huɗu.

1. Ƙa'idojin rubutu

Wanda ya bincika tsohon kabad na littattafan Hausa a ƙasar nan zai tarar da rubutu iri uku. Akwai na tsofaffin littattafan yaƙi da jahilci, waɗanda aka buga bayan taron Bamako na 1966, inda ake ninka dogon wasali, a rubuta "gidaa" da "kaasuwaa". Akwai na Nijeriya, mai rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri. Akwai kuma namu na yanzu, wanda dokar 1999 ta tabbatar, mai rubuta ƴaƴa da baƙi guda. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da ƙasashen biyu ƙwarai, har bambancin da ya rage malami zai iya bayyana shi ga yaro cikin minti ɗaya. Saboda haka kada wannan ya hana sayen littafin Zariya ko na Kano.

Abin tsoro na gaske shi ne littafin da ya watsar da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Dalili kuwa shi ne daidaitaccen rubutunmu ya riga ya bar abubuwa biyu a ɓoye: karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "gari" na iya nufin birni ko niƙaƙƙen hatsi. "Ya tafi" na iya zama labari ko umarni. Gwanin karatu yana warware wannan daga muhallin magana ba tare da ya ankara ba, amma sabon mai karatu, wanda hankalinsa ke kan harhaɗa gaɓoɓi, ba ya da wannan sarari. Idan aka ƙara masa da cire lanƙwasa, "baki" ya haɗe da baƙi, "kafa" da ƙafa, "da" da ɗa, to an ɗora masa kaya biyu a kai guda. Haka nan rabon kalmomi: littafin da ke rubuta "yace" a wannan shafi da "ya ce" a wancan yana rushe abin da malami ya gina. Ga ɗan koyo, wannan ma'auni ba shi da sassauci.

2. Karin harshe

Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa karin Kano, kuma da ita aka rubuta mafi yawan abin da ke kasuwa. Yaron Damagaram ya fi kusa da ita. Yaron Tawa ko Dogon Dutsi ko ƙasar Gobir yana da tafiya a gabansa. Inda littafi ya ce "suka tafi", shi a gida "sunka tahi" yake ji. Inda aka rubuta "yana fita", shi "shina hita" ya sani. Inda aka rubuta "motar sarki", bakinsa ya saba da "motas sarki". Bambancin ya taɓa furuci, ya taɓa wakilin suna, ya taɓa shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan kowane labari.

A nan akwai abin lura ga malamai. Idan yaro ya ga "suka tafi" a takarda ya furta "sunka tahi", bai yi kuskuren karatu ba. Ya gane jimlar ne sarai, har ya mayar da ita cikin bakinsa. Wanda ya tsawata masa a kan haka ya hukunta fahimta. Abin da ya kamata shi ne littattafan farko su kasance masu gajerun labarai da kalmomin da karuruwan suka yi tarayya a kansu, sa'an nan a hau zuwa ga manyan littattafai daki-daki. Wannan ne ya sa littattafan da aka shirya a cikin gida, kamar na cibiyar INDRAP domin makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, suke da muhimmanci a matakin farko, ko da takardarsu ba ta kai ta na waje kyau ba.

3. Kalmomin aro da duniyar da ke cikin littafi

Iyakar da Turawa suka shata ta raba aronmu gida biyu: Hausar Nijeriya ta ɗebo daga Ingilishi, tamu ta ɗebo daga Faransanci. Yaron da ke zuwa "lakwal" da "kaye" a hannu, yana gaida "mushe", zai tarar da wasu kalmomi dabam a littafin da ya ƙetaro iyaka. A tatsuniya wannan ba ya da illa, ƙarin arziki ne ma. Jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya yana karɓar yaron Maraɗi kamar yadda yake karɓar na Katsina, domin Gizo da Ƙoƙi ba su san iyaka ba. Amma a littattafan fannoni, lamarin ya wuce kalma.

A ɗauki lissafi. A kasuwarmu da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce ta sefa. Idan littafi ya rubuta 100 F, yaro zai karanta "ɗari", alhali a wurin mai tebur wannan dala ashirin ce, "ɗari" kuwa 500 F ke nan. Littafin lissafi mai kyau ga yaron Nijar dole ya fuskanci wannan kai tsaye. Wanda ke ƙirga da naira bai san da matsalar ba, balle tsohon littafi mai sule da kwabo.

A ɗauki noma. Ruwan saman da Zariya ke samu a shekara ya ninka na Tawa fiye da sau biyu. Littafin da aka rubuta domin manomin can, komai daɗin Hausarsa, zai iya ɓatar da manomin Adar game da lokacin shuka da irin da ya dace. Nasa littafin shi ne mai bayanin tassa da rabin wata da sassaben zamani, da amfanin barin gawo a gona.

A ɗauki kiwon lafiya. A nan shekarar bugu ita ce abin dubawa na farko. Tsohon littafi na iya ba da shawarar ƙwayar kulorokin domin zazzaɓin cizon sauro, alhali tun shekarun 2000 aka sauya ta da wasu magunguna saboda ƙwayar cutar ta daina jin ta. Labari ba ya tsufa, amma shawarar magani tana tsufa.

4. Nauyin jimla da yawan baƙin kalmomi

Binciken da aka yi kan masu koyon Ingilishi, musamman na Paul Nation da abokan aikinsa, ya nuna mai karatu na bukatar sanin kimanin kalmomi 98 cikin 100 kafin ya karanta labari shi kaɗai cikin jin daɗi. Sai dai kada mu kwafi wannan adadi ido rufe. Rubutun Hausa cike yake da ƴan ƙananan kalmomi masu zaman kansu, kamar "ya", "ta", "na", "da", "ne", waɗanda kowa ya sani, don haka ƙirgen zai nuna sauƙin da babu shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a ƙirga kalmomi masu ɗauke da ma'ana kawai: suna, aikatau da sifa.

Gwajin ba ya bukatar kayan aiki. A buɗe shafi daga tsakiyar littafi, ba na farko ba, a ba mai karatu ya karanta a bayyane. Duk inda ya tsaya a kan kalmar da bai sani ba, a lanƙwasa yatsa ɗaya. Idan hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, littafin na karanta masa ne, ba na ba shi ba. Daga nan a rufe shafin a ce ya ba da labarin da bakinsa. Magana Jari Ce, mai labari cikin labari da dogayen jimloli da karin magana, yakan faɗi wannan gwaji a hannun ɗan shekara bakwai, amma ya yi nasara ƙwarai idan babba ne ke karanta masa da dare. Kunnen yaro ya riga idonsa girma.

Babba ba yaro ba ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne miƙa wa babba ɗan koyo littafin yara don kawai yana da sauƙi. Magidanci mai shekara arba'in ya mallaki harshen gaba ɗaya, da karin maganarsa da azancinsa. Abin da ya rasa baƙaƙen boko ne kawai. Abin da yake bukata shi ne manyan haruffa da gajerun jimloli a kan batu mai nauyi: rabon gado, takardar gona, bashi, lafiyar mai ciki, tarihin garinsa. Idan aka ba shi labarin kyanwa da ƙwallo, kunya za ta kore shi daga aji kafin wahala ta kore shi. A kuma tambaya tukuna ko yana karanta ajami. Wanda ya yi makarantar allo ya san cewa alama na wakiltar sauti, ya san zama da takarda; littafi mai ajami da boko gefe da gefe zai rage masa rabin hanya.

Game da littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980, gaskiya ne da yawansu ba su kiyaye ƙa'idojin rubutu ba, don haka ba su dace da ɗan koyo ba. Amma ga wanda karatunsa ya zauna, ayyukan marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun riƙe mutane da yawa a kan karatu bayan sun bar aji. Raina su ba hikima ba ce.

Kammalawa

Idan aka sake yi mana tambayar nan, kada mu yi gaggawar ambaton sunan littafi. Mu tambaya: wane ne zai karanta, wace Hausa yake ji a gida, shi kaɗai zai karanta ko karanta masa za a yi, me kuma yake son sani? Sa'an nan mu buɗe shafi mu gwada. Wanda ya yi wannan aiki sau da yawa zai gano cewa akwai gurabun da babu littafin da ya cike su, musamman lissafi da kimiyya domin yaran ƙasar nan, da littattafai masu sauƙin rubutu da nauyin batu domin manya. Cike su ba aikin wani ba ne daga nesa. Aikin waɗanda ke karanta wannan mujalla ne.