Shinkafa Mai Dusa: Sunanta, Zaɓenta da Dafa Ta

Gabatarwa

A wannan ɗan nazari zan duba shinkafar da aka cire wa ɓuntu amma ba a goge dusarta ba, wadda na fi so a kan kowace. Na ɗauko misalaina daga Lamorde da ke Mubi, inda Hausa ke zaune tare da Fulatanci da Gude da Fali. Sunan wurin ma daga Fulatanci yake: laamorde na nufin mazaunin sarauta, shinkafa kuwa maaroori suke ce mata.

Matsalar Suna

Masu fassara kan ce mata "shinkafa mai ruwan ƙasa", suna bin Turanci sawu da ƙafa. Wannan suna na sa mai sauraro ya zaci wani iri ne na daban, alhali kowace shinkafa haka take kafin inji ya goge ta. Ko FARO 44 da manomanmu ke yawan shukawa, in aka tsaya a cire ɓuntu kawai, mai dusa za a samu. "Jar shinkafa" kuma bai game duka ba, domin dusar wasu irin ce kaɗai ke da ja. Don haka na zaɓi "shinkafa mai dusa", saboda sunan ya faɗi abin da ya bambanta ta.

Ga matakan da kalmominsu. Shanshera ita ce shinkafa da ɓuntunta. Gumi shi ne a jiƙa shanshera, a turara, a shanya. Daga nan a cashe, a sheƙe, a bakace. Gogewa ce ta ƙarshe, ita ke mai da ƙwaya fara tas.

Amfanin Dusa

A dusar ne harza da mai da bitamin B1 suka fi taruwa. A shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Jawa cewa kajin da ake ba gogaggiyar shinkafa suna kamuwa da ciwo mai kama da beriberi, in aka ba su mai dusa sai su warke. Ya sami kyautar Nobel a 1929. Shi kuwa gumi yakan tura wani kaso na bitamin ɗin cikin ƙwaya, ke nan iyayenmu mata sun daɗe da hikimar.

Zaɓe

Zaɓina shi ne jar shinkafar gida wadda aka guma. Jar ƙwaya ta yawaita a shinkafar Afirka ta asali, wadda aka fara nomawa a fadamun Kogin Neja na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce. In ka je saye, ɗebi kaɗan a tafin hannu. Shinshina: in ka ji warin tsohon mai, ta daɗe, domin man dusa na lalacewa cikin kamar wata 6. Duba tsakuwa da ƙwari da yawan karyayyu. Kada ka auna fiye da abin da gida zai cinye da wuri.

Dafawa

A tsince, a rege a ƙwarya har tsakuwa ta kwanta. A jiƙa na awa 1 ko 2. Gwangwani 1 na shinkafa na son gwangwani 2 da rabi na ruwa. In ta tafasa a rage wuta, a rufe tukunya, a ba ta minti 40 zuwa 45, kusan ninki biyu na farar shinkafa. A sauke a bar ta ta turara minti 10 kafin a buɗe. Mai haƙuri, in ji Bahaushe, yakan dafa dutse. In ruwa ya yi daidai za ta yi wara-wara, in ya yi yawa ta caɓe, in wuta ta yi ƙarfi a sami ƙanzo. Da wake da mai da yaji na fi jin daɗinta. Tuwo da waina kam, farar da ba a guma ba ta fi dacewa.

Kammalawa

Yaron da ya tashi da shinkafar buhu da wuya ya san shanshera ko gumi, domin kalma takan bi aikinta in aikin ya ɓace. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa in ya je hutu ya tambayi masu gumi da masu casa na garinsu, ya rubuto kalmomin da karin harshensu, mu kwatanta.