Yadda Ake Sarrafa Banila Har Ƙamshinta Ya Bayyana

Daga cikin dubban furannin dangin okid, banila ce ta fi shahara wajen ƙamshi. Asalinta kurmin Meziko, amma tun da wani yaro bawa, Edmond Albius, ya gano dabarar yi wa furenta barbara da hannu a tsibirin Riyuniyan a 1841, nomanta ya yaɗu, har a yau galibin wadda ke kasuwa daga Madagaska take fitowa, wajen Sambava da Antalaha.

Wajibi ne mai wannan sana'a ya san cewa ɗanyen kwanson banila ba shi da ƙamshi, domin Allah cikin hikimarsa ya ɗaure banilin, sinadarin da ke ba da ƙamshin, da wani nau'in sukari, ba ya kuwa kuɓuta sai an tayar da wani sinadarin da ke cikin kwanson ya raba su. Dukkan aikin a kan wannan ya dogara.

Da fari, a tsinke kwanson bayan kimanin wata 9 da yin barbarar, sa'ad da bakinsa ya soma rawaya. Sa'an nan a tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 63 zuwa 65 na minti 3. A nan masu gaggawa ke hasara, gama tafasasshen ruwa yakan halaka mai rabawar, ƙamshin ya zauna a ɗaure. Tun da zafinsa a naɗe shi cikin bargon ulu, a rufe a akwatin katako kwana ɗaya ko biyu, ya yi gumi, ya koma ƙasa-ƙasa. Daga nan sai shanya, sa'o'i kaɗan a rana kullum har mako biyu, a koma inuwa wata guda, a ɗaure dami-dami a adana a akwati wata 3. Kilo 5 zuwa 6 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe, banilin kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 ne na nauyinsa.

Amma fa tururi, wanda ake tace man wardi da shi, ba ya fitar da na banila yadda ya kamata, shi ya sa masana'antu ke jiƙa ta cikin barasa. Wanda ya ƙyamaci haka, alhali yana da uzurinsa, sai ya tsaga kwanson ya jiƙa cikin kwalbar man riɗi makonni. Banilin ɗan dangin finol ne, masu jinkirta ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa mai, ko da yake ƙarfinsa matsakaici ne. Saboda haka a toshe kwalbar, a nisanta ta daga rana.