Kafin Ka Gangara Fadama Da Babur: Shawarwari 18 Kan Kayan Kare Kai, Ƙirji Da Hannuwa

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kwalta ce, amma wahalar babur tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Manomin shinkafa mai gangarawa fadamar Gulbin Rima da injin ban-ruwa a baya, da ɗan kabu-kabu mai kai fasinja ƙauyukan Augie ko Gulma, da malamin makaranta mai sammako zuwa ƙauye, duk yashi da burji da taɓo da ƙaya suke ketawa kullum. A irin wannan hanya ba sai da ganganci ake faɗuwa ba. Tayar gaba ta nutse a yashi, kafin ka ankara kana ƙasa, kuma tafin hannu da gwiwar hannu da kafaɗa da kai su ne ke fara karɓar bugu. Ga abubuwan da na gwada na ga amfaninsu, na jera su bisa muhimmanci, tare da duba aljihunmu da zafin garinmu.

1. Fara da hular kwano, saura su biyo baya.
Hannu in ya karye ana ɗora shi, amma bugun ƙwaƙwalwa kan bar mutum da lalura har ƙarshen rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana kuma rage mummunan rauni a ka da kusan kashi 70. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta, amma kai ka sa ta don iyalinka, har a hanyar gona inda babu jami'in da zai tare ka.

2. Zaɓi wadda ta rufe haɓa.
Mai faɗuwa a yashi yawanci ta saman kan babur yake wuntsilawa, fuska ce a gaba. Binciken haɗurra da aka yi a Jamus ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku na bugun da hula ke sha a wajen haɓa yake sauka, don haka hular da ta tsaya iya kunne ta bar haƙora da muƙamuƙi a waje. Idan ka samu irin ta masu tseren daji, mai dogon baki da 'yar rumfa a goshi, ita ce ta fi shigar da iska, ta kuma tare maka rana.

3. Juya hular ka duba cikinta.
Abin da ke shanye bugu ba robar waje ba ce, farin soson nan ne mai tauri da ke ƙarƙashin ƙyalle, kuma ya kamata kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi ko kusa da haka. Nemi alamar ECE 22.05 ko 22.06 ta Turai, ko DOT ta Amurka, amma kada ka dogara da ita kaɗai tunda ana liƙa ta jabu. Hular da ba ta da nauyi ko kaɗan, ko take lotsawa in ka matsa da hannu, ajiye ta. Hular magina kuwa don abin da ke faɗowa daga sama aka yi ta, ba ta da amfani a kan babur.

4. Auna kanka, sannan ka ɗaure igiyar.
Ka ari tef ɗin tela ka zagaye kanka daga saman gira: santimita 57 zuwa 58 yawanci lamba M ce, 59 zuwa 60 kuma L. Ka sa hular ka girgiza kai. Idan tana yawo ta yi maka yawa, idan ta kama kumatu ba tare da ciwo ba ta yi daidai. Igiyar ƙarƙashin haɓa ka ja ta har yatsu biyu kawai ke iya shiga, domin hular da ba a ɗaure ba tun kafin kai ya kai ƙasa take cirewa.

5. Komai ka saya gwanjo, ban da hula.
Soson ciki sau ɗaya yake aiki. Da zarar ya sha bugu mai ƙarfi ya lotse ke nan, ko da waje yana ƙyalli babu tsaga. Ba ka san tarihin hular gwanjo ba, shi ya sa sabuwa mai matsakaicin kuɗi ta fi tsohuwa mai babban suna. Taka ma in ka faɗi da ita kai ya bugi ƙasa, ko ta kai kimanin shekara 5 ana aiki da ita, canza ta, kuma ka riƙa nisanta ta da fetur da zafin rana don suna cinye soson.

6. Kare idanunka daga ƙura da ƙwari.
Da hunturu ƙura ce, da magariba a bakin fadama kuma ƙwari ne ke tasowa, kuma ƙiftawar ido ɗaya ta isa ka afka rami. Sayi tabarau na roba mai igiyar da ke zagaye hula, ka guji na gilashi domin in ya fashe ido yake nufa. Baƙin tabarau na rana ne kawai. Da dare sai fari, kuma da ruwa da sabulu ake wanke shi, kada a goge shi da busasshen ƙyalle ya karce.

7. Safar hannu ce ta biyu a layi.
Duk mai faɗuwa hannu yake fara miƙawa, manomi ko ɗan kabu-kabun da tafinsa ya saɓule kuwa sai ya yi makonni bai kama fartanya ko kan babur ba. Nemi ta fata mai rufe yatsu duka, mai ninki biyu a tafi, da maɗauri a wuyan hannu don kada ta zare. Idan ta babur ta yi tsada, safar fata ta masu aikin ƙarfe da ta kama hannu sosai ta fi babu, muddin kana jin birki da kuloci da kyau. Ta ulu kuwa ta sanyi ce kurum.

8. Sa riga mai kauri da dogon hannu.
Yadi da shadda ba sa jure gogar burji, nan take suke yagewa su bar fata da tsakuwa. Rigar ƙwallo da siririyar rigar ruwa ta leda sun fi muni, domin zafin gogayya na iya narkar da su su manne a ciwo. A tarin gwanjo, ko a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega, ko in an aiki wani Ƙofar Wambai a Kano, ka nemi jaket ta fata ko ta jins mai nauyi, wadda zif ɗinta ke aiki.

9. Kai jaket ɗin wurin baduku.
Muna da masu aikin fata a kusa, kuma kuɗin aikinsu bai kai na kayan waje ba. Ka sa ya ɗinka maka fatar saniya mai kauri a gwiwar hannu da kan kafaɗu, da zare mai ƙarfi, ɗinki biyu, sannan ya sa maɗauri a bakin hannu don kada ya naɗe sama lokacin da ƙasa ke jan mutum. Wannan zai kare ka daga ƙujewa da ƙayar bagaruwa da ta aduwa, amma ba zai hana karaya ba, shi ya sa shawara ta gaba take da muhimmanci.

10. Ƙara garkuwar gwiwar hannu da ta kafaɗa.
Waɗannan 'yan faranta ne na roba mai shanye bugu, ana zura su a aljihun da aka yi musu cikin jaket ko a ɗaura su da maɗauri. Masu inganci suna ɗauke da alamar CE da lamba EN 1621-1, da harafin E na gwiwar hannu ko S na kafaɗa. Idan jaket ɗinka ba ta da wurin sa su, tela zai ɗinka maka aljihu daga ciki, sai dai ka tsaya ya auna a jikinka don garkuwar ta zauna a kan ƙashi daidai.

11. Ƙirji da baya suna son tauri a waje, laushi a ciki.
Dabarar da mayaƙan dawakai na dā suka bi ke nan, sulke ya tare kaifi, lifidi mai cike da audugar rimi ya shanye bugu, kuma rigar kariya ta masu tseren babur a daji haka aka gina ta. Ta baya tana da lamba EN 1621-2, ta ƙirji EN 1621-3. A ta baya, mai mataki na 2 rabin ƙarfin bugun da aka yarda wa mai mataki na 1 kawai take bari ya isa jiki. Akwai kuma siririn faranti da aka yi don tare tsakuwa kaɗai, wanda ba zai kare haƙarƙari ba in kan babur ya daki ƙirji, don haka ka karanta lambar kafin ka biya.

12. Gwada kayan kana zaune a kan babur.
Abin da ya yi daidai a tsaye cikin shago yana iya shaƙe wuya ko ya buɗe ƙugu da zarar ka miƙa hannu ka kama kan Boxer ko Jincheng ɗinka. Ka zauna, ka waiwaya dama da hagu, ka ɗaga hannuwa, ka miƙe a kan matakai kamar yadda ake yi a hanya mai gargada. Idan garkuwa ta goce daga gwiwar hannu, ko ta baya tana turo hula gaba, nemi wata lamba.

13. Saya da tunanin bazara.
Daga Maris zuwa Mayu zafin nan kan wuce digiri 40, kuma jaket ɗin da ta dafa ka rataye ta za ka yi a ƙusa, ba ta kare kowa a can. Zaɓi mai raga da ke shigar da iska, fara ko ruwan toka, ka bar ta fata mai nauyi don hunturu da tafiyar asuba. Jiƙa singiletin auduga ka matse ka sa a ciki, busasshiyar iskarmu za ta sanyaya ka, kuma ka sha ruwa kafin ka tashi domin ƙishi na kawo jiri.

14. Kwashe abubuwa masu tauri daga jikinka.
Makulli, sukundireba, wuƙa ko waya a aljihun ƙirji su ne ke shiga jiki in an faɗi rubda ciki. Lauje da adda da fartanya ka naɗe bakinsu da buhu ka ɗaure a bayan babur, kada ka rataya a kafaɗa ko ka soke a ƙugu. Jakar goyo ma tufafi da abu mai laushi kawai ya kamata ta ɗauka, domin kwalba ko ƙarfe a ciki ƙashin baya suke samu.

15. Tattare babbar riga, rawani da hijabi.
Sarƙa da wayoyin taya ba sa sakin ƙyalle in sun kama, kuma abin da ke zagaye da wuya shi ne mafi haɗari. Maigida, ranar Juma'a ko ɗaurin aure ka ninke babbar riga a jaka, ka sa in ka isa. Bakin rawani ko ƙyallen rufe hanci kuma ka cusa shi cikin jaket. Uwargida, ki tattaro hijabi da gyale ki riƙe a cinya kafin a tashi, ki kuma duba na yara.

16. Fasinja ma kai gare shi.
Ajiye hula ta biyu a gida, domin wanda ke baya bai ga ramin da ke zuwa ba, bai kuma riƙe komai ba. Mai ƙyamar hular da wani ya sa saboda gumi ko makero, ya sa siririyar hular ƙyalle a ciki, a riƙa wanke ta. Yaro yana buƙatar hula daidai kansa tunda ta babba zarewa take yi, kada a ɗora shi a kan tanki, kuma wanda ƙafarsa ba ta kai mataki ba a nema masa wata hanyar tafiya.

17. Da dare a gan ka, a ruwa ka sauƙaƙa jiki.
Lokacin kaka manyan motoci na jigilar shanshera zuwa injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi har dare, ga amalanke da shanu babu fitila, don haka 'yar rigar nan mai ɗaukar ido da tef mai ƙyalli a bayan hula sun fi kuɗinsu amfani. Da damina kuwa, in ruwa ya cika fadama har sai an ɗora babur a kwale-kwale, cire hula da jaket da garkuwa kafin ka shiga. Kayan da ke cetonka a tudu nauyi ne a gulbi, a can rigar hana nutsewa ake nema.

18. San abin yi in tsautsayi ya afku.
Wanda ya suma ko yake kukan wuya, kada a fizge masa hula ko a ɗauke shi a naɗe, sai in numfashi ya toshe. A riƙe kansa daidai da jiki, a kira 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ko 112. Amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon ciki ko wahalar numfashi bayan faɗuwa, ko babu ɗigon jini, alamu ne na a garzaya Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu, ban da man birki ko baƙin mai, a tambayi allurar tetanus, kuma a ɗauki hoton ƙashi kafin a je wurin mai ɗori.

Ba sai ka sayi duka rana ɗaya ba. Wannan watan hula, na gaba safar hannu da tabarau, sannan jaket da aikin baduku, garkuwar ƙirji da baya kuma in an yi girbi ko ka ɗauki adashi. Abin tallafar wuya na masu tsere ka bar shi a ƙarshe, yana da tsada kuma sauran sun fi shi gaggawa. Ka rataye kayan kusa da makullin babur don hannu ya kai gare su tare, ka kuma gaya wa matasan gida cewa wanda bai sa hula ba, babu makulli. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a dawo gida lafiya.