Darasin Wannan Wata: Gumin Gilashi da Gumin Buhun Wake

Ga kaka ta yi, kowa yana shirin ajiye abin da Allah ya ba shi. Darasinmu na wannan wata zai fara daga gilashi, amma a ɗakin ajiya zai ƙare. A karanta a hankali.

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Makarfi zuwa Zariya ana ruwan sama ya ga wannan abu. An rufe tagogi ruf. Can sai gilashin gaba ya yi hazo, direba ya ɗauki tsumma yana ta gogewa. Ruwan nan ba daga waje ya shigo ba. Daga bakin fasinja ya fito. Numfashinmu yana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani. Da ya taɓa gilashi mai sanyi, sai ya zama ɗigo-ɗigo.

Ga dalili. Iska mai ɗumi tana iya riƙe ruwa da yawa. In ta yi sanyi sai ta kasa, ta sauke shi a kan abu mai sanyi da ke kusa. Haka raɓa take sauka a kan ciyawa da asuba. Haka murfin tukunya yake jiƙewa. Haka kwalbar lemo mai sanyi take gumi a hannunka.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Ingila da Amurka, ana yin taga mai gilashi biyu. Ana barin ɗan fili tsakanin gilasan, a cika shi da busasshiyar iska, a liƙe gefen da wata irin roba. A cikin gefen kuma ana zuba wasu ƙwayoyi masu shanye laima, irin waɗanda ake gani cikin ɗan ƙunshi a kwalin sabon takalmi. Muddin liƙin yana nan daram, tagar tana nan garau, tana tare sanyi.

Amma kullum rana tana dukan tagar. Iskar ciki ta yi zafi, ta kumbura, ta tura gilasan waje. Da dare ta huce, ta tsuke, ta jawo su ciki. Yau haka, gobe haka, shekara da shekaru. A ƙarshe robar ta gaji ta tsage. Tsagar ba ta kai bakin allura ba, amma ta isa. Iska mai laima ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Ƙwayoyin nan su sha har su ƙoshi. Daga nan sai hazo ya bayyana tsakanin gilasan biyu, inda tsumma ba ya kaiwa. Na taɓa ganin irin wannan a wani ofis a Kaduna. Masinja ya goge ciki, ya goge waje, hazo yana nan. Maganinta sai dai a sake gilashi.

To, ina ruwan manomin Ikara ko Kudan da tagar Turawa? Da ruwansa kuwa. Buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki ɗan'uwan tagar nan ne. Haka ma duro da jarka da ake toshe wa baki.

Buhun nan, wanda ake kira PICS, masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka tsara shi tare da masu binciken noma na Kamaru. An fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri, da buhu na uku a waje. Ba a sa masa magani. Ƙwaro ma numfashi yake yi kamar mu. In an ɗaure baki sosai, ƙwarin da ke ciki za su shanye ɗan abin da ya rage na iska mai amfani, su daina ci, su mutu. Duk ƙarfin buhun a ɗaurin nan yake. Ɓera ya ciza, ko tsinke ya huda, aiki ya ɓaci, kamar dai robar taga.

Saboda haka kafin ka zuba wake, ka sheƙe shi, ka tsince kara da tsakuwa. Ka cika kowace leda da iska, ka riƙe bakinta, ka danna. In ta saki iska, ta huje. Bayan ka zuba, ka matse iskar da ke sama, ka murɗe bakin ledar farko, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Ka yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowanne da ɗaurinsa. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda don sauri, su ne ke cewa buhun bai da kyau.

Sai dai akwai ɓarnar da ta fi ta ƙwaro, kuma mutane ba su cika lura da ita ba. Ita ce rufe hatsin da bai gama bushewa ba. Ka tuna motar Makarfi. Ruwan yana ciki tun farko, kuma ba shi da hanyar fita. Da hunturu rana tana da zafi, dare yana da sanyi. Duron da aka bari a tsakar gida zai yi zafi da rana, laima ta tashi daga jikin hatsi. Da dare ƙarfe ya yi sanyi, laimar ta koma ruwa a jikin duro da ƙarƙashin murfi. Hatsin da ke gefe ya jiƙe, ya cure, ya yi funfuna. Wata funfunar, musamman a masara da gyaɗa, tana da guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Don haka a ajiye duro ko buhu a inuwa cikin ɗaki, a kan katako, kada ya jingina da bango.

Yaya za ka san hatsi ya bushe? Cizawa da haƙori tana taimako, amma ga hanyar da ta fi. Nemi kwalbar gilashi busasshiya mai murfi. Ɗumama gishiri a kasko har ya bushe ƙayau, ka bar shi ya huce. Zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka ƙara gishiri cokali 2 ko 3. Rufe, ka girgiza na minti ɗaya, ka ajiye minti 15, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin gilashi, da sauran laima, sai a mayar da hatsi shanya. In ya zube ƙasa, gilashi ya yi fes, ana iya rufewa.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya zo da ɗan hatsi daga gida a mako mai zuwa. Malami ya tanadi kwalba da gishiri. A gwada na kowa, a rubuta sunan hatsin a allo, a rubuta “ya bushe” ko “bai bushe ba” a gabansa.