Yadda Tsarin Mulki Ke Taka wa Gwamnati Burki a Kan Yaƙin Waje: Misalin Kosta Rika

Kundin tsarin mulki shi ne babbar dokar ƙasa, wadda kowace doka da kowane mataki na gwamnati ke ƙarƙashinta. Aikinsa biyu ne. Yana ba da iko, yana kuma shata wa ikon iyaka. Idan shugaba ya tsallake iyakar, a idon shari'a abin da ya aikata bai tabbata ba, ko da jama'a sun yi masa tafi.

To mene ne goyon bayan yaƙi? Ba tura sojoji kaɗai ba ne. Ƙasa na iya ba da kuɗi, ko filin jirgin sama, ko izinin ratsa sararin samaniyarta. Mafi ƙanƙanta shi ne ta ba da sunanta kawai, a ce tana cikin ƙawance. Ƙananan ƙasashe galibi wannan ake nema a wurinsu, domin mai ƙarfi yana son duniya ta ga ba shi kaɗai ya fita ba.

Kosta Rika ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya mai mutane kimanin miliyan 5. A 1948 José Figueres ya rushe rundunar sojanta, kuma sashe na 12 na tsarin mulkin 1949 ya haramta kafa soja na dindindin. A 1983 Shugaba Luis Alberto Monge ya shelanta cewa ƙasar 'yar ba-ruwanmu ce har abada. Duk da haka, a watan Maris na 2003 gwamnatin Shugaba Abel Pacheco ta bayyana goyon bayanta ga Amurka a kan yaƙin Iraƙi, sunan ƙasar ya fito a jerin ƙawaye da fadar White House ta wallafa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin rubuta iyaka a takarda bai isa ba. Sai an sami kotun da ke da ikon auna aikin gwamnati da tsarin mulki, sannan a sami ƙofar da ɗan ƙasa zai bi ya isa gare ta. Kosta Rika tana da duka biyun. A 1989 ta kafa sashen tsarin mulki a cikin Kotun Ƙoli, wanda mutanen ƙasar ke kira Sala Cuarta, mai alƙalai 7. Dokar wannan kotu ta yarda mutum ya shigar da ƙara a kan abin da ya shafi al'umma baki ɗaya, ba sai ya nuna an cuce shi a karan kansa ba. Ta wannan ƙofa wani ɗalibin shari'a, Luis Roberto Zamora, ya bi, wasu masu ƙara ma suka biyo.

Hujjar gwamnati ita ce goyon bayan na baki ne kawai, babu soja, babu makami. Kotu ba ta karɓa ba. A watan Satumba na 2004 ta yanke cewa zaman lafiya ginshiƙi ne na tsarin mulkin ƙasar, kuma mara baya ga yaƙin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai amince da shi ba ya saɓa wa wannan ginshiƙi. Ta soke sanarwar goyon bayan, ta umarci gwamnati ta nemi Amurka ta cire sunan ƙasar daga jerin. A ganina kotu ta yi daidai, domin sunan ƙasa mallakar jama'arta ne, shugaba riƙo kawai yake yi.

Kada a ɗauka ko'ina haka abin yake. Tsarin mulkin Ayaland ya hana ƙasar shiga kowane yaƙi sai da amincewar majalisar wakilai. A 2003 wani tsohon hafsan soja, Edward Horgan, ya kai ƙara a kan jiragen sojan Amurka da ke yada zango a filin jirgin Shannon. Babbar Kotu ta ƙi tsoma baki. Ta ce majalisa ta riga ta kaɗa ƙuri'ar yarda a ci gaba da amfani da filin, kuma tantance abin da ake kira shiga yaƙi hurumin majalisa ne da gwamnati. Jiragen suka ci gaba da sauka.